Yadda ake auna matsanancin laulayin ciki a bincike

Duk shekara ɗaliban jinya na zuwa ɗakin awonmu a nan Kaduna da takardun tambayoyi, kuma wadda duk ta zaɓi laulayi, wuri ɗaya take tuntuɓe. Tambayarta ita ce, "Kina laulayi?" Mace ta ce eh, sai a sa ta a lissafi. Alhali yawancin masu ciki suna ɗanɗana tashin zuciya a watannin farko, amma laulayin da ke kwantar da mace har a yi mata ƙarin ruwa bai fi samun mace ɗaya zuwa uku cikin ɗari ba. Kika haɗa su a kwando ɗaya, kin yi aikin banza.

Fara da zaɓar ma'ana, ki rubuta ta kafin ki ga mace ko ɗaya. Ni ma'anar Windsor ta 2021, wadda masana suka amince da ita kan matsanancin laulayi, nake sa ɗalibaina su ɗauka. Sharuɗɗanta huɗu: abin ya fara kafin ciki ya kai mako 16, akwai tashin zuciya da amai, aƙalla ɗayansu mai tsanani, mace ba ta iya ci ko sha yadda ta saba, kuma ya hana ta harkokinta na yau da kullum. Tsohuwar hanya ta dogara ne da zubewar kashi 5 cikin 100 na nauyin kafin ciki, wato kilo 3 ga mai kilo 60. A nan ba ta yi mana aiki, domin matan Rigasa da Tudun Wada nawa ne suka hau sikeli kafin su samu ciki? Da yawa ma sai ciki ya fito suke fara awo.

Daga nan sai ma'aunin tsanani, PUQE, wanda masu bincike a Toronto ta Kanada suka fito da shi a 2002. Ki ɗauki wanda ke tambayar awa 24 da suka wuce. Tambayoyi uku ne, kowace maki 1 zuwa 5: awa nawa zuciya ta yi tana tashi, sau nawa aka yi amai, sau nawa aka yi kakarin amai ba abin da ya fito. Ga amai da kakari, babu ko ɗaya maki 1 ne, sau 1 zuwa 2 maki 2, haka har sau 7 zuwa sama ya zama maki 5. Jimilla 6 zuwa ƙasa mai sauƙi ne, 7 zuwa 12 matsakaici, 13 zuwa 15 mai tsanani.

Lissafin ba wuya. Yin tambayar ne aikin, kuma nan na fi so ki tsaya. Mace ba ta kallon agogo tana jiri, don haka kada ki ce "awa nawa". Ki bi lokutan salla da ita. "Hajiya, jiya daga asuba zuwa azahar zuciyar ta lafa ko kuwa?" In ta ce ba ta lafa ba, an riga an wuce awa 6, maki 5 ke nan. In tsakanin azahar da la'asar ne kawai, wajen awa 2 zuwa 3 ne, maki 3. Sannan ki raba amai da kakari da tofar da yawu. Akwai mai yawo da gwangwani saboda yawu, za ta ce miki ta wuni tana amai. Mai cikin fari kuma kunya ke rufe mata baki, balle uwar miji na tsaye a kanta tana amsawa, "Ai da sauƙi, kowa da haka ta haihu." Ki roƙi Mama ta ɗan jira a waje, ki sake tambaya.

Na taɓa cika wa wata yarinya takarda makinta ya tsaya 9, matsakaici. Sai da na dubi leɓenta a bushe na tambayi abin da ta ci. Kwana biyu ko koko ba ta kurɓa ba, aman ya tsaya ne don babu abin da zai fito. Abin ya daɗe yana damuna. PUQE ba ya tambayar ci da sha, shi ya sa ban yarda a kawo min shi ba tare da sharuɗɗan Windsor ba, da layi guda na abin da ta ci da wanda ta sha jiya.

Kada ki ɓata kuɗinki kan tsinken gwajin sinadarin kiton a fitsari don auna tsanani. Yunwa yake nunawa, mai azumi ma na iya fitar da shi, kuma ƙa'idar ƙungiyar likitocin mata ta Birtaniya ta 2024 ta ce kada a auna tsanani da shi. Kuɗin ya fi amfani a gwajin zazzaɓin cizon sauro da na sanyin fitsari, don ki ware waɗanda wata cuta ce ke sa su amai. A yi hoton ciki a duba tagwaye. Ki auna kowa da sikeli ɗaya, ki rubuta makon ciki da maganin da take sha. Wadda ta kai maki 13, ko ta kasa riƙe ruwa, ki ajiye biro ki kai ta gaban likita a take, ki kuma tuna masa bitamin B1 kafin a ɗaura mata ruwa mai sukari.