Ɗan'uwa sabon zuwa Ingila, tattara kalandunka wuri guda

Kafin ka yi wata guda a Ingila, ranaku za su yi maka yawa. Jami'a ta ba ka jadawalin lacca, wurin aiki ya turo nasa, asibitin unguwa ya sa maka ranar ganin likita, makarantar yara ma ta aiko da nata, kowanne ta hanyarsa. Wanda ya ce zai riƙe su a ka, wata rana zai karɓi aiki daidai lokacin lacca. Ɗalibin digiri kuwa awa 20 kacal bizarsa ta yarje masa ya yi aiki a mako lokacin karatu, don haka dole ya riƙa ganin lissafin a gabansa.

Google Calendar da Outlook da kalandar iPhone duk suna karanta tsari ɗaya, mai adireshin intanet da yakan ƙare da .ics. Yawancin jami'o'i suna ba da irin wannan adireshi na jadawalinka, haka ma Moodle da Canvas, shafukan da jami'o'i ke ɗora darussa a kansu. Kwafo shi, ka buɗe Google Calendar a kwamfuta, don manhajar waya ba ta da wurin sa shi, ka liƙa a inda ake ƙara kalanda ta adireshi. Kada ka sauke fayil ɗin ka loda shi. In ka yi haka, abin da ke ciki a ranar kawai ka ɗauka, ko an ɗage lacca ba za ka gani ba. Adireshin shi ne yake sabunta kansa, sai dai Google yana da nawa, canji yakan kai kwana guda bai bayyana ba. Ranar jarrabawa, leƙa shafin jami'a da kanka.

Inda mutane suke rikicewa shi ne wajen raba wa iyali. Google yana nuna maka kalandun nan tare ne kawai, bai narkar da su sun zama ɗaya ba, kuma wadda ka jawo daga waje ba za ka iya miƙa ta ga wani ba. Akwai manhajoji irin su Zapier da ke kwafe kowane sabon alƙawari zuwa kalanda guda, amma sai ka ba su izinin shiga asusunka. Ni dai ban so a buɗe wa wani kamfani ranakun asibiti da na ofishin shige da fice. Na fi son ka buɗe sabuwar kalanda ta gida, ka ba maiɗakinka ikon rubutu a ciki, ku sa ɗauko yara da likita da kuɗin haya, sannan ka tura mata adireshin jadawalinka ta sa a nata asusun. Abokin aiki kuwa, zaɓi a nuna masa lokacin da ba ka da sarari kawai, ban da bayani. Adireshin sirri da Google ke ba kalandarka kada ya shiga guruf ɗin WhatsApp, duk wanda ya same shi zai karanta komai.

Sai agogo. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris lokacin Ingila daidai yake da na Najeriya da Nijar, daga Lahadin ƙarshe ta Oktoba kuma ya koma baya da awa guda. In za ka sa kiran Hajiya ko ɗaurin aure a gida, zaɓi lokacin Legas ko Yamai, kalandar za ta juya maka shi da kanta.