Yadda Ake Gane Jerin Tashin Wuta Bayan Sauya Kamshaf a Tsofaffin Injunan Ford

Duk bakaniken da zai sa sabon kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawuloli, a tsohon injin Ford mai silinda takwas, ya kamata ya sani cewa kamshaf ɗin ne yake tsara jerin da silindoji ke tashin wuta, ba girman injin ba, ba kuma lambobin da aka zana a jikinsa ba. Injunan da ake kira 289 da tsohon 302, bisa girmansu, suna bin jerin 1-5-4-2-6-3-7-8, alhali 351W, wanda ya fito a 1969, da kuma 302 HO, wato mai ƙarin ƙarfi, na daga 1982, suna bin 1-3-7-2-6-5-4-8. Kamshaf ɗin kowannensu yana shiga cikin ɗayan ba tare da gardama ba, kuma a nan ne ruɗani yake farawa.

Idan aka dubi jerin biyu da kyau, za a ga silinda huɗu ne kawai suka yi musayar wuri, wato 5 da 3, sai 4 da 7. Fistin na 5 da na 3 tare suke hawa sama, haka ma na 4 da na 7, don haka ba a bukatar taɓa karanshaf, sandar da fistin ke juyawa. Abin da ya sauya shi ne wanne daga cikin biyun yake matse iska da mai a wannan zagayen.

Kada a dogara da abin da mai sayarwa ya faɗa, musamman idan injin ya bi ta hannaye da yawa. A cire marafan bawul, a kwance fulogogi domin injin ya yi sauƙin juyawa, sannan a juya shi da sifana ta ɓangaren da yake juyawa idan yana aiki. A lura da bawul ɗin shigar mai na silinda ta 1, a ga wanda zai buɗe bayansa. Idan na 5 ne, tsohon jeri ne. Idan na 3 ne, jerin 351W ne. A tuna cewa Ford yana ƙirga 1 zuwa 4 a gefen dama, 5 zuwa 8 a hagu, idan mutum yana zaune a cikin motar, saɓanin Chevrolet da ke tsallake lamba.

Daga nan sai a kawo fistin na 1 sama lokacin da bawulolinsa biyu suke rufe, a ga inda rotar distiribita, wato abin da ke raba wuta ga fulogogi, ta nuna, a fara jera wayoyin fulogi daga wurin, ana bin kishiyar tafiyar agogo. Idan an yi kuskure, injin zai riƙa karkarwa yana harbi ta kafireta.

Akwai kuma batun giyar distiribita, wanda ake yawan mantawa. Kamshaf mai rola na 1985 zuwa sama yana son giyar ƙarfe mai tauri, tsohon kamshaf kuwa ta ƙarfen zubi. Idan aka haɗa su ba daidai ba, haƙoran za su cinye juna, garin ƙarfen ya bi baƙin mai ya shiga ko'ina a injin.