Casis ɗin gokat na tseren miƙe: kurakuran da ke faruwa tun kafin a kunna injin walda

Gokat, 'yar motar nan mai kujera ɗaya da cikinta ke kusan jan ƙasa, a Kalifoniya ta Amurka aka fara haɗa ta a 1956. Wani maƙerin motocin tsere mai suna Art Ingels ne ya harhaɗa ta da bututun ƙarfe da ƙaramin inji. Har yau ba ta da sifirin, ba ta da shokozoba. Duk wani dukan hanya da fizgar inji a kan casis suke sauka, wato ƙashin bututun da aka ɗora komai a kansa. A tseren miƙe kuwa, inda motoci biyu ke tashi tare su miƙe ba kwana, galibi tsawon mita 201, casis ɗin da ya karkace ba ya ɓuya. Da an taka totur zai tona asirin wanda ya haɗa shi.

Mai waldar da ya saba da get da taga da gadon ƙarfe yana da hannu, ba musu. Amma abin da get ke yafewa, gokat ba ta yafe shi.

A kasuwa ake fara ɓata aikin. Mutum ya ga fayif ɗin ruwa mai farin shafi, ga kauri ga arha, sai ya ɗauko. Nauyi ne kawai gare shi, ba don ɗaukar irin wannan wahala aka yi shi ba. Shafin nan kuma zink ne, hayaƙinsa idan ya ƙone yana kwantar da mutum da zazzaɓi da ciwon jiki. Masu ƙera gokat na gaske kuromoli suke sawa, ƙarfe mai lamba 4130, faɗin milimita 30 ko 32, kaurin bango wajen milimita 2. Sai dai ni a ganina, wanda ba shi da injin TIG, wato injin walda mai aiki da iskar argon, gara ya haƙura da kuromoli, ya nemi bututun ƙarfe na yau da kullum marar ɗinki. Ƙarfe mai tsada da aka yi wa mugun walda ya fi mai arha saurin karyewa.

Babban kuskure, wanda ya haifi rabin sauran, shi ne haɗa casis a daɓen shago. A shimfiɗa bututu a ƙasa, yaro ya danne da ƙafa, a duba da ido a ce ya yi. Daɓen siminti bai taɓa zama daidai ba. Nemi tebur mai shimfiɗaɗɗen ƙarfe, ko katako mai kauri wanda ka tabbatar da ma'aunin ruwa cewa bai jirkice ba. Ja layi a tsakiyarsa, duk wani awo daga layin nan zai tashi, hagu da dama. Kafa 'yan guntayen ƙarfe da za su riƙe kowane bututu a mazauninsa. Sannan auna daga kusurwar gaba ta hagu zuwa ta baya ta dama, ka sake auna ɗaya giciyen. Idan awon biyu bai zo ɗaya ba, kar ka ɗiga ko ɗigo guda.

Ga dalilin wannan tsanani. Tayoyin bayan gokat a kan sandar ƙarfe ɗaya suke, tare suke juyawa. Idan sandar ta ɗan kalli gefe, can za ta riƙa tura motar, direba na kokawa da sitiyari alhali ga abokin tsere a gefensa. Shi ya sa mazaunin boris ɗin baya ba a walda shi da ka. Zura sandar a ciki, ka daidaita ta da layin tsakiya, tana nan a ciki ka ɗiga.

Sai bakin bututu. Zagayayyen bututu idan zai zauna a jikin wani, dole a sassaƙe bakinsa ya rungumi ɗan'uwansa kamar sirdi a bayan doki. Da yawa sukan yanke shi a miƙe, ko su dake bakin da guduma ya baje, ramin da ya rage su cusa guntun rodi ko ƙusa su narka a kai. Daga waje walda ce cike fal, a ciki kuwa ƙarfen biyu ba su haɗu ba. Zauna da zarto da fayil har sai haske ya daina ratsa tsakani. Haɗi ɗaya zai iya cin rabin awa, kuma nan ne ainihin aikin yake.

Ko an yi duk wannan, gaggawa na iya rusa shi. Walda idan tana hucewa tsukewa take yi, ta janyo bututu wajenta. Wanda ya zagaye haɗi ɗaya gaba ɗaya sannan ya wuce na gaba, kafin ya kai baya casis ɗin ya murɗe. Ɗiga kowane haɗi wuri uku ko huɗu, ka gama duka, ka sake awo. Daga nan ka riƙa yin gajeren layi a hagu, ka koma takwaransa na dama, ka tsallaka gaba, ka dawo baya. Bar shi ya huce a ɗaure a kan teburin. Kuma don Allah a daina watsa masa ruwa. Kuromoli musamman, sanyin farat ɗaya na sa gefen waldar ya yi tauri ya zama mai tsagewa. Ga mai TIG, wayar ciko mai lamba ER70S-2 ce aka saba sawa a siririn kuromoli, kuma bututun da kaurinsa bai kai milimita 3 ba ba ya bukatar a gasa shi tukuna.

Mai injin walda na yau da kullum, mai aiki da sandar walda, shi ma da nasa. Sanda mai kaurin milimita 3.2 huda bango mai milimita 2 take yi, a sauko zuwa 2.5 ko 2.0. Idan wutar NEPA ta yi ƙasa kuma, narkakken ƙarfen zai hau sama ya zauna kamar kashin tsuntsu bai shiga ba. Kafin ka taɓa casis, haɗa guntaye biyu daga cikin bututun da za ka yi aiki da shi, ka ɗaure, ka sa guduma. Bututun ya kamata ya lanƙwashe, waldar tana nan. In waldar ce ta ɓalle, gyara wutarka ka sake.

Lanƙwasa bututu a jikin bishiya ko da wuta tana baje gwiwar, kuma nan zai karye. A nemi injin lanƙwasa mai ƙwarya daidai faɗin bututun. Wurin goge maiko kuma a yi amfani da asiton. Feshin wanke birki mai kulorin idan ya gamu da wutar walda yana fitar da fosjin, iskar guba mai kisa.

Akwai ɗabi'ar goge walda ta yi sumul, a shafa fila, a fesa fenti. A jikin get ado ne. A nan kuwa ka cinye ƙarfen da ke riƙe da ran direba, ka kuma rufe wurin da tsaga za ta fara nunawa. Bar waldar yadda take. Kar ma ka yi fenti sai an gwada motar a hankali sau da yawa, sannan ka kifa ta, ka bi kowane haɗi da tocila, ka fi tsayawa a mazaunin inji, da na boris ɗin baya, da inda sitiyari da birki suka kama. Siririn layi kamar gashi a gefen walda tsaga ce. Ba a ɗora mata wata waldar a kai: a kankare wurin har tsagar ta ɓace, a sake haɗin daga farko.