Yadda ake liƙe turmin yaro ba tare da fulorayid ya ɓata aikin ba

Yaro na kai wajen shekara 6, haƙorinsa na turmi na farko na dindindin zai ɓullo can ƙurya, ba tare da ya yi famfara a wurin ba. Shi ya sa iyaye da yawa ba sa ma sanin ya fito. Samansa duk tsagu ne da kwari, inda burushi da asuwaki ba sa kaiwa, kuma nan ruɓa take fara sheƙa. Abin da muke yi shi ne mu cike tsagun da ruwan roba mai daskarewa, wato silant. Na rubuta wannan ne don ƙannenmu masu koyon aiki, domin yana ci mini rai in ga liƙin da bai yi wata uku ba ya ɓamɓare.

Kafin ka taɓa komai, tambayi uwar: “Mama, an shafa masa man fulorayid kwanan nan?” Fulorayid alheri ne, yana shiga ɓawon haƙori ya sa asid ya sha wuya kafin ya ci shi. To mu kuma so muke asid ya ɗan ci ɓawon, ya bar ƙananan ramuka da ido ba ya gani, waɗanda robar za ta kama. Babban cikas shi ne man fulorayid ɗin nan mai danƙo, na kashi 5 cikin 100, wanda ke lulluɓe haƙori kamar ƙaro. Asid ba zai ratsa shi ba. Idan an shafa, sai ka kankare shi sarai ko ka ɗaga aikin. Idan duka biyun za a yi yau, liƙi ne farko, fulorayid daga baya.

Wanke saman turmin da burushi da ruwa. Kada ka sa man goge haƙori mai maiƙo.

Sai tsare wurin daga miyau, kuma nan ne gumin yake. Jera auduga gefen kunci da gefen harshe, mai taimaka maka ya riƙe bututun zuƙa. Na taɓa gama komai a kan wata yarinya ’yar shekara 7, ina juyawa in ɗauki silant ta zura harshe ta lashi wurin. Lasa ɗaya ta rushe aikin, dole na sake zuba asid.

Zuba asid ɗin fosforik, mai ƙarfin kashi 35 zuwa 37, a cikin tsagun, daƙiƙa 15 zuwa 30. Dabara ce da Michael Buonocore ya fito da ita a Amurka tun 1955. Wanke shi tas, sauya auduga, busar da iska.

Yanzu duba da kyau. Wurin ya kamata ya yi fari fat, ba ƙyalli, kamar an goga alli. In har yana sheƙi, asid bai kama ba, maimaita. Za ka fi gamuwa da haka ga yaran da suka tashi da ruwan burtsatse mai yawan fulorayid, kamar yadda aka gani a Tibiri ta jihar Maraɗi, masu haƙora da farin dabbare ko launin goro. Irin wannan ɓawon yakan nemi ƙarin lokaci. Idonka za ka bi, ba agogo kaɗai ba.

Ɗiga silant kaɗan, ja shi cikin tsagun kada kumfa ta maƙale, haska shuɗiyar fitilar da ke daskarar da shi gwargwadon yadda kamfanin ya rubuta, galibi daƙiƙa 20. Gwada gefensa da tsinken bincike, ka sa yaron ya cije a ga ko ya yi tudu. Idan kuwa turmin bai gama fita daga dasashi ba, ko yaron ya ƙi natsuwa, gara ka koma ga gilas ayonoma, wani nau’in abin liƙi ne da ya fi jure danshi, kuma shi kansa yana sakin fulorayid.

Sai yanzu ka shafa man fulorayid ɗin. Gaya wa uwar a ba shi abinci mai laushi yau, kunu ko tuwo, a bar burushi sai gobe da safe, a dawo da shi bayan wata 6 a duba liƙin.