Yadda ake ciro RNA na bakteriya daga ruwan tafkin Legas

DNA yana nuna waɗanne bakteriya ke cikin ruwa, RNA kuwa yana nuna aikin da suke yi a lokacin da aka ɗebi ruwan. Sai dai mRNA na bakteriya, wato RNA mai ɗauke da saƙon haɗa furotin, cikin 'yan mintuna yake rushewa. Ɗalibin da ya cika jarka a Ikorodu ko Epe, ya sha cunkoso har ɗakin gwaji a Akoka, aikinsa ya riga ya lalace tun a mota, komai kyan na'urorin da ke jiransa.

Saboda haka a bakin ruwa ake tacewa, matata ta riƙe bakteriyar. Ka tafi da sirinji mai mililita 50, da matata mai ramin maikiron 0.22, da RNAlater (ruwan maganin da ke hana RNA rushewa), da kula cike da ƙanƙara. Da damina ruwan tafkin laka ce zalla, nan da nan matata take toshewa, don haka ka sa wata mai maikiron 5 a gabanta. Da zarar sirinji ya yi tauri, ka tsaya. Masu dannawa da ƙarfi fasa matatar suke yi, bakteriyar su bi ruwa su wuce. Ka rubuta yawan ruwan da ya ratsa, da zafinsa, da gishirinsa, domin gishirin tafkin yana sauyawa tsakanin rani da damina. Daga ɗiba zuwa zuba RNAlater a matatar kada ya wuce minti 10. Samfurin ya kwana a digiri 4 don maganin ya ratsa, sannan ya shiga firiza. RNAlater yana da tsada, amma inda ake yawan ɗauke wuta shi ne mai ceton samfuri. Kada a yi masa rowa.

A ɗakin gwaji, safar hannu dole ce, a kuma riƙa canza ta, domin RNase, sinadarin da ke rusa RNA, yana jikin fata kuma otokilef (tukunyar kashe ƙwayoyin cuta da tururi) ba ya gamawa da shi. Ruwan aiki a sa masa DEPC, maganin da ke kashe RNase, kashi 0.1 cikin ɗari, ya kwana, a dafa shi a otokilef.

Ka tsiyaye RNAlater tas daga matatar. Ka zuba TRIzol (ruwan fasa bakteriya don RNA ya fito) mililita 1 tare da ƙwayoyin gilashi na milimita 0.1, a girgiza sakan 40 sau biyu, a huta kan ƙanƙara a tsakani. A ƙarƙashin mazuƙar iska ake wannan, fenol da ke cikin TRIzol yana ƙona fata. A zuba kulorofom mililita 0.2, a juya a santirifuj (na'urar rarraba ruwa ta hanyar juyi) a ƙarfin 12,000 g minti 15 a digiri 4. Ruwan sama kawai za ka ɗauka, farin tsakiyar nan DNA ne da furotin, gara ka bar kaɗan da ka taɓa shi. A zuba wa ruwan saman aisofurofanol mililita 0.5, a juya RNA ya kwanta, a wanke da itanol kashi 75, sannan DNase, sinadarin da ke rusa ragowar DNA.

A260/280, ma'aunin tsabtar RNA a na'urar auna haske, ya kamata ya kusanci 2.0. In ɗaya ma'aunin, A260/230, ya faɗi ƙasa, ko gishirin TRIzol ne ko dattin laka, a sake wankewa. A raba RNA ɗin kaɗan-kaɗan a ajiye a digiri 80 ƙasa da sifiri, a firizar da ke kan layin janareta.