Yadda Garuruwan Kan Dutse a Kaduna Za Su Ci Moriyar Tsarin Sola na Gwamnati

Garuruwan da ke gindin duwatsu a Kajuru, Kauru, Lere da kewayen Kagoro suna shan wahalar samun wutar NEPA, domin kafa turaku a kan fako da hawa yana cin kuɗi, kamfani kuma ba ya ganin riba. Saboda irin waɗannan wurare ne gwamnatin tarayya ta karkata ga sola ta hannun hukumar samar da lantarki a karkara, wato REA. A Disamban 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 domin shirin DARES na faɗaɗa wutar sola a Najeriya, wanda ake son ya kai wuta ga mutum miliyan 17.5.

Abu na farko da ya kamata kowa ya riƙe shi ne ba a raba wannan kuɗi hannu da hannu. Kamfanin da ya cika sharuɗɗa shi ke zuba jarinsa ya kafa ƙaramar tashar sola ta gari, sai an tabbatar ya haɗa gidaje da wuta sannan a biya shi tallafi, tallafin kuma shi ke sassauta farashi ga jama'a. Duk wanda ya zo gari yana sayar da fom ɗin "solar gwamnati kyauta", ku rufe aljihunku.

Aikin gari shi ne ya shirya kansa yadda kamfani zai yi sha'awarsa. Dagaci da masu unguwanni su kafa kwamiti, a sa mata da masu sana'a a ciki. A ƙidaya gidaje da shaguna, a rubuta injinan niƙa da markaɗe, masu walda, masu firiji, asibiti da makaranta, da abin da kowa ke kashewa a fetur da cajin waya duk wata. Masu injin da ke aiki da rana su ne ƙashin bayan tasha, domin su ke shan wuta lokacin da rana take ƙwallewa. A ware fili da takarda, kada rigimar gado ta taso bayan an zuba kankare. A dokar da hukumar kula da harkar lantarki ta ƙasa, wato NERC, ta fitar a 2023, tashar da ba ta wuce kilowat 100 ba rajista ta ishe ta, daga nan zuwa megawat 1 kuwa sai da takardar izini. Kafin a sa hannu a yarjejeniya, a ga farashin wuta, awa nawa za a samu a rana, da wanda zai canza batir idan ya mutu, duk a rubuce.

Gidajen da suka warwatsu a kan tudu, nesa da juna, jan waya zuwa gare su asara ne. Su solar gida ta fi dacewa da su, kuma a nan ne ake yawan kuskure.

A fara da lissafi: a ninka wat ɗin kowace na'ura da awannin da take aiki, a samu wat-awa da take ci a rana. Ƙwan fitila 6 masu wat 10 na awa 5 sun ci 300. Fanka 2 masu wat 50 na awa 6 sun ci 600. Talabijin mai wat 60 na awa 4 ya ci 240, cajin wayoyi kamar 60. Jimla wat-awa 1,200 ke nan a rana. A ƙara kashi 30 cikin 100 na abin da ke salwanta a waya da inbata (na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta NEPA) da batir, ya zama 1,560. Sai a raba da 4, wato awannin rana mai ƙarfi da ake samu a yini, ba da 5 ko 6 ba, domin da markar Agusta ake auna sola a kudancin Kaduna, ba da zafin Maris ba. Amsar ita ce wat 390, don haka farantan sola biyu masu wat 250 za su ɗauki gidan da sarari. Batir na ruwa mai bolt 12 da Ah 200 yana riƙe wat-awa 2,400, amma rabinsa kawai ake sha; wanda ke tatse shi ƙarƙaf kullum ba zai daɗe da shi ba. Na litiyom ya fi tsada, ya fi jurewa. Kwantirola kuwa, wato na'urar da ke daidaita cajin batir, a sayi nau'in MPPT mai amfiya 40.

Sai wurin kafawa, wanda a ƙasar duwatsu ya fi komai muhimmanci. Ku tsaya a wurin da ƙarfe 9 na safe, da tsakar rana, da ƙarfe 3 na yamma, ku ga ko dutse ko itacen mangwaro yana jefo inuwa. A Disamba rana tana karkata kudu, inuwa ta yi tsawo. A Yuni tana ɗan komawa arewa. Idan an haɗa farantai a jere a layin waya ɗaya, inuwa a kan guda tana janyo sauran ƙasa. Farantin ya fuskanci kudu, a jingine shi digiri 10 zuwa 15, don ruwan sama ya riƙa wanke shi. A bar tazarar kamar santimita 10 tsakaninsa da kwano, saboda zafi yana rage masa ƙarfi. Idan dole sai an kai farantai can inda rana take, nesa da ɗaki, siririyar waya za ta cinye wutar a hanya. A sa mai kaurin murabba'in milimita 6 (6mm²), a jera farantan yadda bolt zai hau, a duba iyakar abin da kwantirola ke ɗauka.

Iskar farkon damina tana da ƙarfi a kan tudu. A ɗaure ƙarafan da noti a jikin katakon rufi ko a gindin kankare, ba da ƙusa a kwano ba.

Tsawa tana kashe inbata a waɗannan wurare, kuma dutse ba ya karɓar wuta yadda ƙasa mai laima ke yi. Kada a yarda mai haɗawa ya soka sandar atin, wato sandar ƙarfen da ke kai wutar tsawa cikin ƙasa, rabi a tsakuwa ya tafi. A nemi inda ƙasa take da zurfi da damshi, a binne sanduna biyu ko uku, a haɗa su da wayar tagulla, a ɗaura ƙarafan farantai da inbata a kai. A sa na'urar tare tsawa a layin farantai, da fiyus kusa da batir.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana rufe gilashi. A wanke shi duk mako da sassafe, kafin ya ɗau zafi, da ruwa zalla da tsumma mai laushi. Mai batir na ruwa ya duba shi duk wata, ya ƙara masa ruwan batir da aka tace, ba na rijiya ba, ya kuma ajiye shi a ɗakin da iska ke shiga.