Kurakuran da Ɗalibi Ya Fi Yi Wajen Koyon Ɗaukar Hoto, da Yadda Zai Gyara Su

Da zarar hotunan ɗalibi sun fito da duhu ko dishi-dishi, abin da yake fara faɗa shi ne kyamarar ce ba ta da kyau. Daga nan sai ya shiga lissafin yadda zai tara kuɗi ya sayi babba, ko ya canja waya. Wannan kuskuren shi ke haifar da sauran, domin wanda ya ɗora wa na'ura laifi ba zai zauna ya binciki abin da hannunsa ya yi ba. Seydou Keïta, mai hoton nan na Bamako da ya buɗe shagonsa a 1948, yawancin hotunan da suka sa duniya ta san shi da hasken rana ya ɗauke su, a tsakar gida, da ƙyallen da yake ratayawa a bayan mutane. Tsohuwar Canon ko Nikon da sashenku na makaranta ke ba da aro, mai lens (gilashin gaban kyamara) 18-55mm, ta ishe ka koyo har ka ƙware. Haka ma wayar da ke aljihunka, muddin tana da sashen da zai bar ka ka saita abubuwa da kanka.

Haske ne abin da ya kamata ka fara sa wa ido. Ɗalibai da yawa sukan fita aikin da malam ya ba su bayan an tashi daga lacca, wajen ƙarfe goma sha biyu ko ɗaya, rana na tsaka. A wannan lokacin hasken daga bisa yake saukowa kai tsaye: idanu su faɗa cikin duhu, inuwar hanci ta kwanta a kan leɓe, goshi ya yi ƙyalli, mutum kuma ya yi ta yamutsa fuska. Babu saitin da zai gyara maka wannan. Ka fita da sassafe zuwa hantsi, ko bayan la'asar idan rana ta yi sanyi, lokacin da haske ke zuwa ta gefe yana fito da siffar fuska. In kuwa dole ce ta sa ka ɗauka da rana, ka tsayar da mutumin a bakin zaure ko ƙarƙashin rumfa, fuskarsa na kallon waje. Ka guji gindin darbejiya idan ganyenta na tace rana, don za ta bar masa ɗigo-ɗigon haske a fuska. Farin kwali na naira kaɗan, wani ya riƙe maka shi daga gefe ko ƙasan haɓa, zai mayar da haske inda inuwa ta yi yawa.

Akwai matsalar da ta fi damun mu a nan, wadda darussan da ɗalibi ke kallo a YouTube ba kasafai suke tsayawa a kanta ba: baƙar fata cikin fararen kaya. Ango ya sha farar shadda da babbar riga, ka ɗauka, riga ta fito toka-toka, fuska kuma ta yi duhu har ba a gane shi sosai. Dalilin shi ne ma'aunin hasken da ke cikin kyamara an gina shi ne a kan ya mayar da duk abin da ya gani zuwa tsaka-tsaki, wato ruwan toka. Idan fari ya cika hoton, sai ya ɗauka haske ya yi yawa, ya rage, fuskar ce kuma take shan wahala. Ka nemi maɓallin da ke da alamar +/-, ka ƙara zuwa +0.7 ko +1, ka duba fuskar. Amma ka lura da rigar, domin idan ka wuce gona da iri aikin da ke wuyanta zai ɓace, ta zama fari fat, kuma abin da ya ƙone haka ba ya dawowa a wajen gyara. Shi ya sa inuwa ta fi: a inuwa tazarar da ke tsakanin hasken riga da na fuska tana raguwa, kyamara ta iya ɗaukar duka biyun. Akasin haka ke faruwa idan mutum ya sa baƙaƙen kaya ko ya tsaya gaban bango mai duhu, sai kyamara ta ƙara haske fiye da kima, a nan ragewa za ka yi.

Sai maganar saiti. Wasu suna zama a oto, inda kyamara ke zaɓen komai da kanta, har su gama makaranta. Wasu kuma ranar farko suke tsallakawa zuwa harafin M, inda mutum ke saita komai da hannunsa, saboda sun ji an ce ƙwararru da shi suke aiki, su juya komai lokaci guda, in hoto ya yi kyau ba su san dalili ba, in ya lalace ma haka. Kamar mai miya ce da ta ƙara gishiri da daddawa da barkono a tare, ta ɗanɗana ta ji ba daɗi, ta rasa wanne ya ɓata ta. Abubuwa uku ne kawai ke sarrafa yawan haske. Na farko faɗin ƙofar lens, wanda ake rubutawa da harafin f: ƙaramar lamba irin f/1.8 ƙofa ce a buɗe sosai, babbar lamba irin f/16 ƙofa ce a tsuke. Na biyu saurin ƙiftawar kyamara, irin 1/60 ko 1/500 na daƙiƙa. Na uku ISO, wato lambar da ke nuna yadda kyamara ke ƙarfafa hasken da ya shigo mata. Daga f/4 zuwa f/5.6 ka raba haske biyu, daga 1/125 zuwa 1/250 ma haka, daga ISO 200 zuwa 400 kuma hasken hoton ya ninka. Ka fara da harafin A, ko Av a Canon, inda kai ke zaɓen ƙofa kyamara ta zaɓi sauri. Ka jera kwalabe uku a kan benci, ɗaya a bayan ɗaya, ka ɗauke su a f/4, f/8 da f/16 ba tare da ka motsa daga inda kake ba. Za ka gani da idonka yadda na baya ke ƙara fitowa tar. Wani makon ka koma S, ko Tv, inda kai ke zaɓen sauri kyamara ta zaɓi ƙofa, ka gwada sauri a kan ruwan famfo ko yaro a kan keke. Abu ɗaya za ka riƙa canjawa a kowane gwaji.

Idan hoto ya yi dishi-dishi, kada ka yi saurin goge shi. Ka buɗe shi babba ka ga wane irin dishi-dishi ne, don kala uku ne kuma kowanne da maganinsa. In komai da komai ya ja zuwa gefe guda, hannunka ne ya yi rawa. Ka manne gwiwoyin hannunka a jikinka, ka tallafi lens da hannun hagu daga ƙasa, kuma kada saurinka ya gaza 1/100 idan kana kan 55mm. In bango ya fito lafiya amma mutumin ya yi dishi-dishi, shi ne ya motsa: mai tsaye yana buƙatar kamar 1/125, yara masu wasa 1/250 zuwa 1/500, dawakan Hawan Daushe a guje kuwa sai ka kai 1/1000. In kuwa bango ne ya fito tar fuska ta dushe, fokas ne, wato wurin da kyamara ke sa ya fito tar, ya tafi inda ba ka so. Ka daina bar wa kyamara zaɓi, ka sa ɗigon fokas guda ɗaya ka ɗora shi a kan idon da ya fi kusa da kai. Masu sabon lens 50mm f/1.8 sun fi faɗawa wannan ramin, don daɗin narkewar bango yakan sa su bar shi a f/1.8 ko da hoton 'yan aji za su ɗauka. Sahun gaba ya fito, na baya ya narke. Hoton taro yana son f/5.6 ko f/8.

Tsoron ISO ma kuskure ne. An gaya wa ɗalibi cewa ɗaga shi na kawo tsaki-tsaki, sai ya kafe a 100 cikin ɗakin taro da dare, kyamara ta sauke sauri zuwa 1/10, hotunan duka su lalace. Hoto mai ɗan tsaki-tsaki a ISO 1600 ko 3200 ana iya amfani da shi, wanda ya yi rawa kuwa sai kwandon shara. A cikin ɗaki akwai wani abin da ke rikita masu koyo: hoto ɗaya ya fito da haske, na biye da shi ya yi duhu ko ya yi layi-layi, alhali ba a taɓa saiti ba. Wutar lantarki a Najeriya da Nijar da Ghana tana gudu ne a kan 50Hz, saboda haka wasu ƙwayayen lantarki, musamman masu araha, suna ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa ba tare da ido ya gani ba. Ka sa saurinka a 1/50 ko 1/100, yawanci matsalar za ta tafi. Filashar da ke kan kyamara kuma, idan ka haska ta kai tsaye, fuska za ta yi maiƙo, bango ya yi baƙi. Ka kai mutumin kusa da taga ko ƙofa in akwai hali.

Wajen tsara hoto, abin da ya fi yawa shi ne ido ya tsaya a kan mutum ya manta da bayansa. Sai an dawo gida a ga falwaya ta tsiro daga hularsa, ko bokiti da takalma a gefe. Kafin ka danna, ka zagaya kusurwoyi huɗun da idonka. Taku ɗaya zuwa dama ko durƙusawa kaɗan kan kawar da abin. Yaro ka sauko daidai tsayinsa. Kada ka yanke mutum daidai gwiwa ko wuyan hannu. A waya kuma, jan hoto da yatsu biyu yawanci yankewa ne kawai da faɗaɗawa, inganci na raguwa, gara ka taka ka matsa.

Lokacin hunturu ka yi hattara da ƙura. Kada ka canja lens a fili iska na kaɗawa. Ka shiga ɗaki, ka kashe kyamara, ka juya bakinta ƙasa. In kana ganin baƙaƙen ɗigo a wuri ɗaya cikin kowane hoton sararin sama, musamman a f/16, ƙura ce ta hau sensa, wato ɗan allon da ke karɓar haske a cikin kyamara. Ka hura ta da 'yar robar busa iska da ake sayarwa don haka, ba da baki ba, kuma kada ka goge lens da gefen riga. Shi kansa hazo ba abin gudu ba ne, yana tausasa rana, kuma daga kan Dutsen Dala yana sa rufin gidaje su jeru sahu-sahu suna dushewa.

Gyaran hoto shi ne inda abin ya fi ba ni takaici. Ɗalibi ya ɗauki fuskar tsohuwa mai kyau, ya shiga manhaja ya goge duk wata tamoji, ya haska fatar har ta koma wata mata daban. Launin fatarmu ba aibi ba ne da za a gyara. Ka daidaita haske, ka miƙe layin da ya karkace, ka gyara launi idan ƙwan lantarki ya sa farar riga ta koma ruwan ɗorawa, ka tsaya a nan. In kyamararka na ɗaukar RAW, wato ɗanyen fayil ɗin hoton da ba ta sarrafa ba, ka yi amfani da shi, ya fi JPEG da aka saba ba da damar farfaɗo da inuwa, ko da yake yana cin memori. Manhajar gyaran hoto ta Snapseed kyauta ce kuma ta isa.

Babban abin da ke hana ɗalibi ci gaba shi ne rashin komawa kan aikinsa. Ya ɗauki hotuna ɗari biyu, ya zaɓi uku ya sa a Instagram, sauran ba zai sake kallonsu ba. Alhali kowane hoto yana ɗauke da bayanin yadda aka ɗauke shi: ƙofa, sauri, ISO, har da sa'a. Ka danna maɓallin bayani za ka gani. Ka ware littafi ƙarami, bayan kowace fita ka zaɓi hotuna biyar da suka lalace, ka rubuta lambobinsu da abin da kake zaton ya jawo, ka koma wurin a irin wannan lokacin ka sake gwadawa. Idan za ka je wurin malam, ka kai masa waɗannan ma, a kansu ne zai fi iya koya maka wani abu. Sannan ka daina tsalle daga fure zuwa mota zuwa faɗuwar rana. J.D. 'Okhai Ojeikere, mai hoton nan ɗan Najeriya, ya fara ɗaukar hotunan kitson matan Najeriya a 1968, ya daɗe a kai shekaru da dama har ya tara kusan dubu. Kai ma ka zaɓi abu ɗaya na zangon karatu guda, mai shayin bakin makaranta ko hannuwan masu ɗinkin hula, ka yi ta komawa safe da yamma, damina da rani.

Komawar nan kuma ba za ta yiwu ba sai da yardar mutane. Kada ka shiga marinar Ƙofar Mata ko Kasuwar Kurmi ka ɗaga kyamara ba sallama. Ka gaisa, ka ce, "Baba, ni ɗalibi ne, aikin makaranta aka ba mu, ko za ka ba ni izini in ɗauka?" In ya ce a'a, ka yi godiya ka wuce. In ya yarda, ka nuna masa hoton a sikirin, in da hali ka wanko masa ɗaya. Matan aure, yara, almajirai da marasa lafiya sun fi buƙatar wannan kulawar, kuma izinin ɗauka daban yake da izinin sakawa a intanet, ka nemi kowanne. Shingen jami'an tsaro da bariki kuwa ka kawar da kyamararka gaba ɗaya.

Da ka dawo, ka kwashe hotunan zuwa kwamfuta a ranar, ka ajiye kwafi na biyu a wani wuri daban, sannan ka share memorin daga cikin kyamarar kanta. Idan za ka tura wa malam aiki ta WhatsApp, ka tura shi a matsayin fayil, domin turawar da aka saba tana matse hoto, ta rage ingancinsa, kuma takan goge lambobin saitin da malam zai so ya duba.